Kwarin Norbibi Ba Zai Ci Wuta Ba

A ƙauyenmu na Kizilsoy, in kana so a yi zance har shayi ya huce, ka ambaci Norbibi. Maza za su ce taurin kai ne ya hana ta sake aure tun rasuwar mijinta. Mata za su ce ba taurin kai ba ne, ta duba mazan ƙauyen ne ba ta ga wanda ya isa ba. Mai kawo maganin feshi daga Samarkand ya daina tsayawa a ƙofarta, ya ce ya gaji da zagi. Amma wanda ya kushe ta a shagona da safe, shi ne zai lallaɓa ya roƙi reshe daga gonarta ya dasa, don inabinta ya fi na kowa zaƙi.

Abin da ya haɗa ta da mutane kwari ne. Tsakanin gonarta da ta maƙwabcinta Boymurod akwai wani kwari mai idon ruwa, cike da sarƙaƙiya da ƙaya. Kowa ya sare nasa kurmin ya dasa inabi har bakin dutse, ita ta ƙi. A ciki beguwa ke da rami, da dila, da bushiya, da mujiya. Ba ta feshi, ba ta zuba maganin ɓera. Layin inabinta na ƙarshe kuwa ba ta tsinke shi, ta ce na masu kwari ne.

Ni ne Berdi, mai shagon shayi a bakin masallaci. Aikina zuba ruwan zafi da sauraro.

Kamar kowace shekara, kafin hunturu mun kwantar da inabinmu, mun binne rassan da ƙasa don kada sanyi ya kashe su, sai lokacin Navruz, bikin shigowar bazara, a tone. A shekarar nan sanyi ya zo busasshe, ba dusar ƙanƙara da za ta lulluɓe gonaki. Wata Talata da hantsi sai muka ji ihun Boymurod daga gangare.

Ko da na isa, rabin ƙauye na wurin. An tone layukansa na bakin kwari, tsofaffin itatuwan da mahaifinsa ya dasa. Rassan na kwance a fili, sanyin dare ya ƙone su, idanun da za su toho sun yi baƙi. A kan ƙasar kuma ga ƙayoyin beguwa warwatse.

Boymurod ya ɗaga guda sama. "Ga shi nan! Ga aikin 'yan gidan Norbibi!"

Norbibi ta iso da gatari a kafaɗa, daga saran itace take. Ta dubi ramukan ta ce, "Beguwata ba ta ƙetare ruwa."

"Kun ji ta? Beguwarta! Da bakinta ta faɗa." Ya matso kusa da ita. "Allah bai ba ki ɗan da za ki rena ba, shi ne kika koma renon namun daji, su cinye gumin masu iyali."

Duk mun san sau nawa ta ɗauki ciki bai tsaya ba. Ta gyara riƙon gatarinta.

Eshkul-bobo, dattijon ƙauye, ya yanke magana a nan take. Ran Juma'a bayan salla za a sa wa kurmin wuta, a turara ramuka, sai fa in an nuna cewa ba beguwa ba ce.

Norbibi ta ce, "To, bobo. Ku zo da isasshen kananzir, don a ciki za ku same ni."

* * *

A shagona Eshkul-bobo ya sa aka kira Suyun. Tsohon maharbi ne, ya ajiye bindiga, amma har yau in saniya ta ɓata ko kura ta shiga garke, shi ake kira ya bi sawu. Shi da Norbibi ba sa ga maciji tun ranar da ta kakkarya tarkunansa ta watsa su a rafi. Don haka ma dattijon ya zaɓe shi, ba mai cewa ya goya mata baya.

Suyun ya kurɓi shayi ya ce, "Ba don ita zan yi ba, bobo. Ni dai na tsani a yi wa dabba ƙarya, don ba ta da bakin musu."

Dattijon ya ce, "Berdi zai bi ka, ya zama shaida."

"Ya yi. Shi kaɗai ne a garin nan ya iya rufe baki."

Holmat, ɗan Boymurod, yana gefe yana hamma, idanunsa jawur. Wani ya tsokane shi, "Kai kuma baƙin cikin inabi ne, ko jaririn ne ya hana ka barci?"

"Ku bar ni," in ji Holmat. "Yaron nan tun shekaranjiya kamar an sa masa barkono."

Aka yi dariya, muka fita.

A gonar Boymurod, Suyun ya tsaya ya dubi yadda aka tattake ƙasa ya yi tsaki. "Da garken jakuna ne suka wuce da sun bar mini abin dubawa." Ya durƙusa, ya bi rassan da yatsa tun daga gindi har ƙarshe, itace bayan itace.

"Berdi, ka taɓa ganin inda beguwa ta ci ɓawo?"

"Na gani. Kamar an fere da wuƙa."

"To nemo mini haƙori ɗaya a nan."

Na duba. Babu ko ƙwarzane.

"Ta sha wahalar tona wannan ƙasa duka, ta ga abinci, sai ta ce na ƙoshi? Kuma dubi inda ƙasar ta taru, duk gefe guda, ta gangare. Haka muke yi da fartanya a Navruz. Wanda ya yi wannan, hannunsa ya saba, ko da yake ɓarna ya zo yi ya kasa yanke reshe."

Ya tsince ƙayoyin ɗaya ɗaya. Ya danna bakin guda a babban yatsansa, ya danna wata, ya kai su hanci, ya daɗe yana shaƙa. Ya soke su a ɗamararsa.

* * *

Norbibi na bakin kwari tana jiranmu.

"Ka zo ka ƙarasa abin da tarkunanka suka fara?"

"Na zo in ga ko 'ya'yanki sun fi ki hankali, opa. Kauce." Opa muke ce wa babbar mace, kamar a ce yaya.

Ta kauce, amma ta biyo mu. Ƙasar bakin ruwa ba ta daskare ba, sawu ya fito kamar an zana. Suyun ya sunkuya yana tafe a hankali. Ya nuna mini tafin beguwa mai kama da na ƙaramin yaro, da layin da ƙayoyinta ke ja a baya. Sawun ya fito daga rami, ya bi gefen ruwa, ya tsaya inda ta tona wata saiwa, ya hau zuwa layin Norbibi na ƙarshe inda busasshen inabi ya zube, ya juyo. Tsohon sawu da sabo duk hanya ɗaya. Babu wanda ya ƙetare zuwa gonar Boymurod.

"Na faɗa musu," in ji Norbibi. "Me za ta nema can? Ƙasarsa warin magani take. Shi ya kashe dila da guba, ɓeraye suka cika masa gona, ya ƙara zuba guba. Ni mujiya da dila ke mini gadi, ban taɓa biyansu ba. Tsuntsayen kurmin nan su ke cinye mini tsutsa. In aka ƙone shi, ruwan bazara zai kwashe gangaren nan, idon ruwan ya ƙafe. Shi ma da shi yake ban ruwa, amma bai sani ba."

Suyun ya ce, "Wa kike zargi?"

"Ergash. Na kore shi da tumakinsa daga nan, ya rantse sai na gani. Kuma karensa ya shigo kwanan nan, na ga gashinsa a ƙaya."

Muka sami Ergash makiyayi a bayan tudu, zaune kan dutse, karensa kwance da kumburarren baki.

"Suyun-bobo! In gaisuwa ka zo yi, ga gurasa. In tuhuma ce, ban da lokaci."

"Me ya sami kare?"

Ergash ya sosa ƙeya. "To, na shiga kwarin. Sau ɗaya. Ciyawar can har gwiwa, tumakina suna kallonta suna kuka, me zan yi? Wannan wawan ya cusa kai a rami, ya fito kamar tsintsiya."

"Ina ƙayoyin?"

Ya zaro su daga hularsa, ya ce ya ajiye wa ƙanwarsa ne. Ga mai ƙullaci, ga ƙaya a hannunsa. Suyun ya karɓi ɗaya ya danna a yatsa, sai ya zabura. Jini ya tsatso.

Ergash ya fashe da dariya. "Tsufa ya zo, bobo! Ba ka san tana da tsini ba?"

"Yanzu na tuna," in ji Suyun, yana tsotsar yatsa. "Ka iya tonon inabi?"

"Ni? Ubana makiyayi, kakana makiyayi. Inabi a faranti na san shi."

A hanya na ce, "Ba shi ba ne?"

"Da shi ne, da ya daddatse rassan nan kamar itacen girki. Berdi, gidaje nawa ke da jariri a ƙauyen nan?"

Na lissafa masa. Ban tambayi dalili ba.

* * *

Kashegari muka zaga gidajen, wai barka muke yi. A kowane gida Suyun ya leƙa gadon jariri, ya yi addu'a, ya sha shayi har cikinsa ya yi ƙara. Gidan Boymurod muka je a ƙarshe.

Tun daga ƙofa muke jin kukan yaro. Boymurod ya shimfiɗa mana, ya kawo ƙwayoyin itace masu taurin ɓawo da zabibi, fuskarsa a ɗaure.

"Me kuma ake bincike? Ƙaya ba ta ishe ku ba?"

Suyun ya ce, "Tambaya ce kawai. In kurmin ya ƙone, wa zai amfana?"

"Kowa! Ko Holmat ya daɗe yana cewa da za a ratsa hanya ta nan, da mota za ta zo har gona ta ɗauki kaya. Yana so ma in tumɓuke tsofaffin itatuwan, in sa sababbi a kan waya. Na ce sai bayan raina. Hannun babana ne ya dasa su." Ya juyar da kai. "Ga shi beguwa ta yanke mana gardama."

Daga ɗakin ciki muka ji muryar Zulhumor-momo, mahaifiyar Boymurod, tsohuwar da idonta ya dushe amma bakinta bai gaji ba. Matar Holmat take yi wa faɗa.

"Sakarya! Abin da ya reni mijinki da uban mijinki, a hannunki zai ɓace? Ina kika kai shi? Dole yaro ya yi ta kuka!"

"Wallahi momo ban taɓa ba," yarinyar na faɗa cikin kuka.

Boymurod ya ce, "Ku yi haƙuri, rigimar mata ce."

Suyun ya ajiye kofinsa. "Ran Juma'a ka zo da momo bakin kwari. Ita ce babba a ƙauyen nan, bai kamata a ƙone wuri ba ta sa albarka ba."

* * *

Bayan sallar Juma'a aka gangara da tsofaffin tayoyi da galan na kananzir. Muka tarar da Norbibi ta shimfiɗa darduma a tsakiyar bakin kurmin, ta hura wuta a tukunyar shayinta, ta sa rigarta ta zuwa biki.

"Sannunku da zuwa," ta ce. "Wanda zai kunna ya matso in ga fuskarsa. Kai ne, Holmat? Ni na yi wa uwarka ungozoma ranar da aka haife ka. Zo, kada hannunka ya yi rawa."

Eshkul-bobo ya ce, "Norbibi, tashi, kada ki mai da mu abin magana."

"Kun riga kun zama, bobo. Maza cike da gari, kun taru a kan dabbar da ba ta kai tunkiya ba."

Suyun ya fito tsakiya. Ya kira Ergash da Boymurod da Holmat, ya ce su tsaya kusa. Aka zaunar da Zulhumor-momo a kan kujera, lulluɓe da mayafai. Ya faɗi abin da muka gani, ba haƙori a rassa, ba sawu da ya ƙetare ruwa, ƙasa a tare gefe guda.

"Surutu ne," in ji Boymurod. "Ƙayoyin fa? Daga sama suka faɗo?"

Suyun ya miƙa wa Eshkul-bobo ƙaya ɗaya. "Wannan daga bakin karen Ergash aka cire ta. Taɓa, amma a hankali."

Dattijon ya taɓa, ya janye hannu da sauri.

"Waɗannan kuma su aka tsinta a gona." Ya zaro su daga ɗamara, ya danna su gaba ɗaya a tafin hannunsa da ƙarfi, ya buɗe hannun. Ba jini. "Momo, ke kika fi mu sanin duniya. Wace irin beguwa ce ke yawo da ƙaya marar tsini?"

Ya zuba su a cinyarta. Tsohuwar ta lalube su, ta shafa bakunansu, ta kai hanci. Sai fuskarta ta washe.

"Kayana! Ina ka samo su, ɗan albarka? Su ne na gadon jariri! Ni na ƙone bakinsu a fitila da hannuna, tun Boymurod na cikin zani, don kada su soki yaro. Ji ƙanshin ganyen isirik da nake turara musu. Ga ma inda jan zare ya ci jikinsu." Ta juya tana neman matar jikanta. "'Yar nan, ashe ba ke ba ce. To wane marar tsoron Allah ne ya kwance kariyar jariri?"

A ƙauyenmu kowace tsohuwa na rataye ƙayar beguwa a kan gadon jariri saboda baki da ido, kuma kowa ya san ba baƙon da ke shiga ɗakin mai jego.

Galan ɗin da ke hannun Holmat ya faɗi, kananzir ya malale a ƙasa.

Boymurod ya juya a hankali. "Kai?"

"Baba, itatuwan sun tsufa, ba sa ba da komai. Na yi magana, na yi magana, ba ka ji. Na ce in suka mutu, kurmin ma ya tafi, za mu samu hanya, mu..."

"Ka tone dashen hannun kakanka ka bar wa sanyi. Ka kwance abin da ke kan ɗanka. Ka tsaya kana ji ana zagin matarka." Boymurod ya ɗaga hannu, Suyun ya riƙe shi.

"Ba a nan ba," in ji Suyun.

Eshkul-bobo ya ce a kwashe tayoyi. Ya yanke cewa Holmat zai dasa abin da ya kashe da hannunsa, kuma ba mai sake taɓa kwarin. Mutane suka fara zamewa, kowa na kallon ƙasa. Norbibi ta zuba shayi a kofi, ta miƙa wa Suyun.

"Ba don ke na yi ba," ya ce.

"Na sani. Sha, kafin ya huce." Ta dubi Ergash. "Kai ma zo ka sha. Na zarge ka a banza, ka yafe ni. Amma tumakinka ba za su shiga ba."

* * *

Da safe Boymurod ya zo shagona da gurasa naɗe a ƙyalle, da ƙunshin sukari a kai, yadda ake aikawa in ana neman sulhu.

"Berdi, kai mata."

Na kai. Ta buɗe, ta sumbaci gurasar don girmanta, ta mayar ta naɗe.

"Mayar masa. Ka ce gurasa ba ta yi mini laifi ba. Bakin da ya yi magana a gaban jama'a, shi nake jira."

Na mayar. Ya ce shi tun da yake bai taɓa ba mace haƙuri ba. Na zuba masa shayi. Ya daɗe a zaune. Kullum sai ya zo ya zauna a wuri ɗaya, ƙunshin na kan kantata har gurasar ta bushe.

Navruz ya zo, aka fita tonon inabi. Holmat na buƙatar rassan dasawa, kuma irin na kakansa ya ƙare a ƙauyen, sai a gonar Norbibi, don mijinta ya taɓa karɓa daga wurin tsohon. Ba wanda ya roƙe ta. Ita ta yanko dami guda, ta ɗaure, ta ajiye a kan dutsen iyaka, ta koma aikinta.

Ina wurin lokacin da Boymurod ya ga damin. Gonaki cike da mutane, kowa da fartanya. Ya tsaya yana kallonsa. Sai ya cire hularsa, ya taka ruwan da takalminsa, ya ƙetare kwarin zuwa gefenta.

"Norbibi-opa," ya ce, ƙasa-ƙasa.

Ba ta ɗago ba. "Ban ji ba. Ranar nan har bayan tudu an ji ka."

Fartanyoyi suka tsaya. Boymurod ya ɗaga murya har tsuntsaye suka tashi daga kurmin.

"Norbibi-opa! Na yi wa dabbobinki ƙarya. Na gore miki a kan abin da Allah ne ya hukunta, alhali ni da na haifa, ga abin da nawa ya yi. Na zalunce ki a gaban mutane. Don Allah ki yafe mini."